Wayar da Kawu Ya Ajiye Mini

Shekarun baya can, lokacin ina tuƙin gida a Riyadh, wani abu ya same ni wanda har yau ban manta da shi ba. Kwanan nan na ga ana ta musu a nan kan inshorar waya, wasu na cewa asarar kuɗi ce, wasu na cewa dabara ce. Ni ba zan shiga musun ba. Abin da ta jawo mini kawai zan ba ku labari.

A wani gida nake aiki a unguwar Al-Naseem. In kai yara makaranta, in kai matar gidan kasuwa, in zauna a mota ina jira har ƙafata ta yi tsami. Takardar zamana, wadda muke ce wa igama, lafiyarta ƙalau. Wanda tasa ba ta da lafiya shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya je ƙasar tun ina yawo ba wando. Mai fenti ne, yana zaune a wani ɗaki a Al-Shumaisi tare da wasu mutanenmu. Kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa, ya rasu, magada suka tsaya rigimar gado, babu wanda ya tuna da sabunta takardar wani tsohon mai fenti. Haka igamar ta mutu a aljihunsa. Ga shi lokacin ana kame ba sassauci. Duk wanda aka tare da matacciyar igama sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a ɗauki hoton yatsunsa, shi da dawowa kuma sai dai labari. Don haka Kawu ta lungu yake bi ya tafi aiki, ta lungu yake dawowa, ko motar haya ba ya shiga idan ya san za ta bi babban titi.

Ni kuwa a lokacin ƙuruciya na ɗibata. Na je shagon kamfanin layina na ɗauki sabuwar waya irin wadda ake biya wata-wata. Mai sayarwar yana da zaƙin baki, ya ce in ƙara da wani tsari da suke kira himaya, wato inshorar waya. Ya ce ko ta faɗi, ko ta jiƙe, ko ta ɓace, sabuwa za su ba ni. Larabcina a lokacin na cefane ne, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, na sa hannu na fito ina jin kaina. Da na nuna wa Kawu, ya juya ta a hannu ya ce, "Waya ma sai an yi mata tsari? Tsarinta ai aljihunka ne, ɗan nan." Na yi dariya na bar maganar.

Ranar Juma'a ce hutuna, kuma a wurinsa nake yinta. Wata Juma'a muka makara, na shiga wurin alwala a gurguje, na ɗora wayar a kan ɗan dakalin da ke saman famfo don kada ta jiƙe. Na ji an tayar da salla, na ruga. Sai da aka sallame na sa hannu a aljihu na ji wayam. Na koma da gudu, babu ita babu alamarta.

Kawu ya taya ni nema. Ya leƙa ƙarƙashin dakali, ya ɗaga takalman mutane, har mai sharar masallacin ya tambaya. Na ari wayar wani na kira, aka ce a kashe take. Muka koma ɗaki, yana zuba mini shinkafa yana yi mini faɗa. Ya ce tun ina yaro haka nake, in ajiye abu in manta kamar wanda aka yi wa asiri. Daga ƙarshe ya ce, "To, Allah ya mayar da alheri. Gobe ka ƙara." Na ci abincin ba don ina jin daɗinsa ba. A raina kuwa ina cewa ai ina da himaya, bari in karɓo sabuwa in zo in nuna masa, mu ga wa ke da gaskiya. Shi ya sa ban gaya masa inda zan nufa ba.

Da na je shagon, mai zaƙin bakin nan ba ya nan. Wani na tarar, fuska ba annuri. Ya tambaye ni, ɓata ta yi ko sace ta aka yi? Na ce na ajiye ta, na dawo ban gan ta ba. Ya ce to yar da ita na yi, kuma himaya ba ta biyan sakaci. Raina ya ɓaci. Na ce ba haka aka gaya mini ranar da ake son in sa hannu ba. Ya juyo mini da kwamfuta ya nuna wani rubutu ƙanana-ƙanana, ya ce karanta. Na ce a kira babbansu. Babban ya fito, ya saurare ni yana duba agogo. Na haɗa Larabci da Turanci da hannu, na ce masa waya ba ta da ƙafa. Abin da aka ajiye a masallaci, wani ya ɗauka ya kashe bai dawo da shi ba, me sunansa in ba sata ba? Ya ce madalla, in je in faɗa wa 'yan sanda haka, su ba ni shaidar na kai ƙarar sata. In babu wannan, babu waya.

Abokina, direban gidan da ke maƙwabtaka da mu, ya ce in haƙura. Ya ce a irin wannan lokaci baƙo ba ya kai kansa ofishin 'yan sanda saboda waya. Ni ma ina tsoro, don ko motarsu na hango a madubi sai na gyara zama. Amma haushin mutanen shagon ya fi tsoron yawa, ga shi kuma zan ci gaba da biyan wayar da ba ta hannuna. Na nemi izinin maigidana, na ɗauki kwalin wayar na tafi. Jami'in da ya karɓe ni bai tsananta ba. Ya kwafi doguwar lambar da ke jikin kwalin, ya ce daga yau duk wanda ya sa layi a cikinta ya kunna, sunansa zai fito. Na fito ina murna, har da addu'ar Allah ya tona asirin ɓarawon.

Kamfanin suka ba ni sabon sim mai tsohuwar lambata, na sa a tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, suka ce in jira a duba maganata.

Ana cikin haka, wata rana ina bakin makaranta ina jiran a tashi yara, rana na dukan mota, sai ga kiran mahaifiyata. Tun kafin mu gama gaisawa na ji tana dariya.

"Ashe halinka na nan ba ka bari ba?" in ji ta. "Yanzu Yaya ya kira ni. Da wayar taka ma ya kira, murya tas kamar yana tsakar gida. Ya ce a wurin alwala ya tsince ta, ya zura a aljihu, ya bar ka kana ta zufa. Juma'a zai ba ka. Kada ka nuna masa na faɗa."

Sai a lokacin na tuna. Haka manyan gidanmu suke yi. Idan yaro ya yar da abu, babba ba ya miƙa masa. Ɗaukewa yake ya ɓoye, ya taya shi nema ma, sai yaron ya ji a jikinsa sannan a fito da shi a haɗa da nasiha. Kawun nan da kansa, wani zuwa hutu da ya yi, ya taɓa ɓoye mini takalmin salla ina ƙarami, na dawo gida ƙafa ba komai ina kuka. Na san da wannan sarai, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, don a ganina na girma, kuma muna wata ƙasa.

Na ce, "Inna, layinsa ya sa a ciki?"

"To layin wa zai sa? Ya ce ya kunna ya ga naka ba ya aiki, ya ji tsoro ko ruwa ne ya shige ta, shi ne ya gwada da nasa."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Layin Kawu da sunansa aka yi rajistarsa, tun igamarsa na da rai. Ni da ƙafata na je na ce a nemo mini ɓarawo, kuma ga sunan da zai fito. Yaran suka shigo mota suna surutu, na ja mu, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba.

Ina sauke su na kira shi. Na ce, "Kawu, kashe wayar nan ka cire layinka yanzu."

Ya yi dariya. "Uwarka dai ba ta iya riƙe magana."

Na gaya masa komai, shagon, musun, ofishin 'yan sanda, lambar kwali. Ina jin ƙarar abin kankare bango a bayansa, sai na ji ta tsaya. Can ya ce, "Ka je wurin 'yan sanda ba ka gaya mini ba?" Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Washegari na karɓo wayar na nufi shagon kamfanin. Tunanina shi ne tunda su suka tura ni, su za su iya kashe maganar. Na ajiye ta a gaban babban nasu na ce ga ta, na samu, ba na son sabuwa, ba na son himayar ma, a soke komai. Ya ce ba a yin haka. Maganar ta riga ta wuce wurin masu inshora, ba za a rufe ta daga nan ba sai na kawo shaidar 'yan sanda sun rufe ƙarar. Na ce ku kuka ce in kai ƙarar, ni da bakina na fara ce muku ajiyewa na yi. Ya ce shi bai ce in yi ƙarya ba. Na ce ban yi ƙarya ba. Ya dube ni ya ce in yi hattara, don wanda ya ce an sace masa waya don a ba shi sabuwa, sannan ta ɓullo a hannunsa, ana iya yi masa wata fassara. Duk zafin bakin da na zo da shi ya mutu. Na ɗauki wayata na fita.

A ofishin 'yan sanda jami'in nan na tarar. Na ce alhamdu lillahi, na samu wayata, na zo a rufe ƙara. Ina ta addu'a a zuci kada ya duba kwamfuta. Ya duba. Ya ce an sa wani layi a cikinta, na waye? Ya karanto sunan Kawu cikakke, har da na kakana. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin da na ji sunan nan a bakinsa ba. Na ce kawuna ne, yayan mahaifiyata, ajiye mini ya yi. Ya ce babu damuwa, in kawo shi ya faɗa da bakinsa ya sa hannu, shi ke nan. Na ce tsoho ne, ba ya jin daɗi. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce ƙarar sata ba a rufe ta da saƙo. In ya zo da kansa, magana ta ƙare. In bai zo ba za su nemo shi, kuma a lokacin ni ma akwai tambayoyin da zan amsa.

Bayan la'asar muka taru a ɗakin Al-Shumaisi. Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce akwai mai motar kayan gwari da zai iya wucewa da shi Jidda, ya ɓace cikin mutanenmu na can. Wani ya ce ya yar da layin ya koma kwana wurin aiki. Ni kuma na ce zan koma in ce ni na ba shi da hannuna na manta, laifin ya dawo kaina. Ina magana, ban san hawaye na zuba ba sai da na ji gishiri a bakina.

Kawu yana zaune a bakin katifa yana cire busasshen fenti daga farcensa. Sai da kowa ya gama ya ce da ni, "In ka faɗi haka ka zama mai ƙarar ƙarya. Su karɓe taka igamar, mu koma mu biyu. Wa zai riƙe uwarka?" Sannan ya juya ga sauran. "Shekarun da na yi a ƙasar nan, an ba ni mukullan gidaje masu gidan suna tafiya. Na yi fenti a ɗakin da gwal ke zube a gaban madubi, ko allura ban taɓa ɗauka ba. Yanzu in gudu, a bar sunana a kwamfutarsu a matsayin wanda ya saci waya a masallaci ranar Juma'a? Ba da ni ba."

Wani ya ce, "Alhaji, za su tambayi igama fa."

Ya ce, "Na sani."

Da safe na zo ɗaukarsa da motar maigidana. Na same shi ya sa farar jallabiyarsa ta zuwa masallaci, ya kafa hula, ya shafa turare. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Da muka zo kwanar da za mu shiga, na wuce ta da gangan. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Na san hanyar, ɗan nan. Juya."

Muka zauna a benci muna jira. Duk wanda ya wuce da kaki sai in sunkuyar da kai. Shi kuwa yana jan carbi kamar mai jiran likita. Da aka kira mu, ya yi wa jami'in sallama, ya zauna, ya yi masa bayani da Larabcinsa mai kyau wanda Hausa ba ta taɓa barinsa ba. Ya ce yaron nan ɗan ƙanwarsa ne, mai sakaci ne tun yana ƙarami, ya ga ya bar waya a wurin alwala shi ne ya ɗauke don ya koya masa hankali, kuma a garinsu haka ake yi. Jami'in ya tambaya, har ka taya shi nema? Kawu ya ce har ƙarƙashin dakali. Mutumin ya fashe da dariya, ya ce kakansa ma haka yake yi musu da mukullin mota. Ya nuna ni da biro ya ce na ci sa'ar kawu. Ya ce babu sata a nan, an rufe.

Har na fara miƙewa, ina cewa a raina Allah ya rufa asiri. Sai jami'in ya miƙa hannu ba tare da ya ɗago ba, ya ce a ba shi igama ya shigar da lamba a wurin sa hannu.

Ashe tana hannun Kawu tun muna benci. Ya miƙa. Jami'in ya dubi katin, ya dubi kwamfuta, ya sake duban katin. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya yi ƙasa da murya, ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, ka san da wannan ka zo?"

Kawu ya ce, "Kira kuka yi, na amsa."

Jami'in ya shafa fuskarsa. Ya ce lambar ta riga ta shiga, abin ya fita daga hannunsa. Ya sa aka kawo wa Kawu shayi, ya ce a bar mu mu yi magana. Kawu ya ciro mukullin ɗakinsa ya sa mini a hannu. Ya ce tsanin da ke bayan ƙofa na aro ne, in mayar wa mai shi. Ya ce in haɗa masa kayansa a jaka ɗaya, sauran a raba wa 'yan ɗaki. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Kai za ka kira uwarka, kada ta ji a bakin wani. Ka gaya mata takarda ce ta mutu. Ka faɗa mata da kyau, ba a kan sata aka riƙe ni ba."

Na fito ni kaɗai na zauna a mota. Na daɗe ban iya tayar da ita ba.

Ya yi 'yan makonni a tarhil kafin a sa shi a jirgi. A tsakanin nan saƙon kamfanin ya shigo, wai an rufe buƙatata tunda wayar ta samu, himayata na nan daram, suna godiya da na zaɓe su.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Wani lokaci in ce mai zaƙin bakin nan ne da ya sayar mini da abin da bai bayyana ba, wani lokaci in ce babbansu da ya tura ni wurin hukuma a kan abin da za a iya gamawa a teburinsa. Wani lokaci har haushin Kawun nake ji, in ce me ya sa bai miƙo mini abata ba a wuce wurin. Yanzu da na manyanta na gane horon nan nasu na gida ne, inda kowa ya san kowa, inda abu in ya ɓata iyakarsa kuka da tambayar maƙwabta. Mun ɗauke shi mun kai inda ɓatan abu ke shiga kwamfuta, kuma babu ɗayanmu da ya lura. Ni dai ban taɓa ɓoye wa 'ya'yana komai don horo ba. In na tsinci abinsu, a take nake miƙawa, faɗan ya biyo baya.

Kawu bai taɓa yi mini gori ba. Duk zuwan da na yi gida hutu, zan same shi a ƙofar gida, ya tambaye ni mutanen ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ko an gama ginin kaza, ko har yanzu mai burodin nan na kwanar masallaci yana nan. Na ɗauka hira ce kawai ta wanda ya san gari. Har na riƙa lallashin kaina da cewa ai gara da ya dawo, ya huta cikin danginsa.

Sai bayan rasuwarsa, muna zaman makoki, mahaifiyata ta gaya mini abin da bai taɓa gaya mini ba. Ta ce tun tafiyarsa ta farko ya ce mata kada ta sa ran dawowarsa. Niyyarsa in ƙarfinsa ya ƙare ya koma Madina ya zauna, ya jira ajalinsa a can a binne shi. Abin da ya sa ya jure bin lungu da ɓuya ke nan duk tsawon lokacin nan. Ta ce ya roƙe ta kada ta faɗa mini yana raye.

A maƙabartar bayan garinmu muka binne shi, kusa da mahaifinsu. Ni na shiga ramin na karɓe shi.